Tsamin Jiki Bayan Aiki, da Ƙwayoyin Homiyofati

 

Yau za mu yi magana a kan wani abin da babu wanda bai san shi ba a cikinmu, watau tsamin jiki. Mutum ya wuni yana kaftu, ko sharar gona, ko yaɓen ɗaki kafin damina. Mace ta wuni tana sussuka, ko jan ruwa a rijiya mai zurfi. Kowa ya kwanta lafiya lau. Da gari ya waye sai ya ji kamar an yi masa duka da taɓarya. Cinya ta ƙage, kafaɗa ta yi nauyi, sunkuyawa ta zama aiki.

Ba mu kaɗai wannan ke samu ba. A ƙasashen Turai da Amurka akwai mutane da yawa masu aikin ofis. Ran hutu sai su shiga lambun bayan gida, su yanke ciyawa, su share ganye, su haƙa ƙasa. Kashegari su ma jikinsu ya yi tsami. A kantunansu ana sayar musu da waɗansu 'yan ƙwayoyi farare, waɗanda a ke kira maganin homiyofati. A ƙasar Indiya ma ana yin irin wannan magani da yawa ƙwarai. Kwalba kuwa ba ta zama inda aka yi ta. Watakila wata rana a miƙo wa waninmu ita, a ce maganin ciwon jiki ne daga ƙasar waje, kawo kuɗi.

Saboda haka muna so mu san abu uku. Me ke kawo tsamin jiki? Me ke cikin waɗannan ƙwayoyi? Yaushe ne ciwon jiki ya ke wuce tsami, har ya zama sai an je asibiti?

ME KE KAWO TSAMIN JIKI?

Duk wanda ya taɓa yagar dafaffen nama ya ga yadda ya ke sili-sili. To, haka tsokar jikinmu ta ke. Zare ne siri-siri aka haɗa, kamar igiyar rama. In mutum ya yi aikin da ya daɗe bai yi ba, waɗansu daga cikin zaren nan su kan ɗan ji rauni. Raunin ƙanƙane ne ƙwarai, ido ba ya ganinsa. Sai jiki ya shiga gyara wurin. Wurin ya kan ɗan kumbura, ya kan kuma yi zafi in an taɓa shi. Wani masani a Amurka, mai suna Theodore Hough, ya yi bayanin wannan tun shekarar 1902.

Aikin da ya fi kawo tsami shi ne wanda tsoka ke riƙe nauyi tana miƙewa. Misali sauke buhu daga ka, ko gangarowa daga tudu da kaya, ko sunkuyawa da fartanya tun safe har azahar.

Ku lura da lokacinsa, gama nan maganar duka ta ke. Tsamin jiki ba ya zuwa nan take. Ya kan fara bayan kamar awa 12 zuwa 24. Ya fi tsanani tsakanin kwana 1 da kwana 3. Daga nan sai ya riƙa sauka. Kafin mako ya zagayo ya tafi, ko an sha magani ko ba a sha ba.

Ga kuma wani abin sha'awa. In jiki ya gama gyaran nan, tsokar ta kan fi dā jure wa aikin. Shi ya sa noman farko ya fi maimai cin jiki. Gonar ita ce dai, fartanyar ma ita ce, amma jiki ya riga ya saba.

ASALIN HOMIYOFATI

Wani likita ne Bajamushe ya ƙago homiyofati. Sunansa Samuel Hahnemann. An haife shi a shekarar 1755, ya rasu a birnin Faris a shekarar 1843.

A zamaninsa aikin likita a Turai ba kamar na yau ya ke ba. Likitoci su kan tsaga jijiyar majiyyaci su zubar da jini mai yawa. Su kan ba shi magunguna masu guba, su sa shi amai da zawo. Mutane da yawa maganin ne ya ƙarasa su, ba cutar ba. Hahnemann ya ga wannan, ransa bai so ba, ya shiga neman wata hanya.

A shekarar 1790 ya sha ɓawon wani itace na Amurka ta Kudu, wanda daga cikinsa a ke samun kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro. Shi kuwa lafiyarsa ƙalau sa'ad da ya sha. Sai ya ce ya ji alamu a jikinsa irin na mai zazzaɓi. Daga nan ya yanke cewa abin da ya sa wa mai lafiya alamun wata cuta, shi ne zai warkar da mai wannan cutar. Ya bayyana ra'ayin nan a rubuce a shekarar 1796.

Masu bin hanyarsa suna da magunguna da su ke bayarwa don ciwon jiki. Uku sun fi shahara. Na farko Arnika, wani tsiro mai fure rawaya da ke fitowa a duwatsun Turai. Shi su ke bayarwa in jiki ya yi kamar an daka. Na biyu Rhus tox, wani tsiro na Amurka ta Arewa, wanda in ya taɓa fata sai ta yi ƙaiƙayi da ƙuraje. Shi su ke bayarwa in jiki ya ƙage da safe, sa'an nan ya saki bayan an motsa. Na uku Bryonia, wanda su ke bayarwa in motsi na ƙara ciwon.

YADDA A KE HAƊA MAGANIN

Wani zai ce, ashe ai irin namu ne na saiwa da sassaƙe. A'a, akwai bambanci babba. Mai maganin gargajiya in ya dafa saiwa, saiwar na cikin ruwan. Za ka ga launinta, ka ji ɗacinta. Homiyofati ba haka ya ke ba.

Da ya ke tsire-tsiren nan suna da guba, sai Hahnemann ya riƙa sirka su da ruwa ko barasa. Ga yadda a ke yi. A ɗauki ɗigo 1 na ruwan tsiron, a zuba cikin ɗigo 99, a girgiza da ƙarfi. Sa'an nan a ɗauki ɗigo 1 daga wannan, a zuba cikin wani sabon ɗigo 99, a sake girgizawa. Haka za a yi ta yi. In an gama sai a ɗiga ruwan a kan 'yan ƙwayoyin sukari, a bari su bushe. In kun ga an rubuta 6C a jikin kwalba, sau 6 aka yi wannan sirki. In kun ga 30C, sau 30 ke nan. In kuwa harafin X ne a wurin C, ɗigo 1 a ke zubawa cikin ɗigo 9.

Bari mu yi lissafin da zuma, don mu gane. A ce muna da ƙaramin cokali guda na zuma. In an sirka shi sau 3 ta wannan hanya, daidai ya ke da an zuba cokalin nan cikin duro 25 na ruwa. In an kai sau 6, daidai ya ke da an zuba shi cikin duro miliyan 25. In an kai sau 12, ruwan tekunan duniya duka ba zai isa a yi wannan sirki ba. Wannan fa sau 12 ne kurum. To, ina ga sau 30?

Masana sun tabbatar da cewa in sirki ya wuce sau 12, da wuya a sami ko ƙwayar zarra ta tsiron a cikin kwalbar. Abin da ya rage sai sukari. Masu homiyofati sun ce girgizawar nan tana barin ƙarfin tsiron a cikin ruwan, har ma su ce wanda aka fi sirkawa ya fi ƙarfi. Amma ba a taɓa nuna haka ta hanyar da kowa zai iya gwadawa ya gani ba. Uwargidan da ta ƙara wa miya ruwa ta san ba ta ƙara mata daɗi ba.

Sai dai mu yi hankali da abu guda. Kwalbar da ke da ƙaramar lamba, kamar 1X ko 2X, da sauran tsiron a cikinta. Haka kuma akwai man shafawa da a ke yi da Arnika na ainihi. Arnika guba ne in an haɗiye shi, ba a kuma shafa shi a kan rauni ko gyambo.

AN GWADA SHI

Gani ya kori ji. Likitoci suna da hanyar gwada magani, kuma hanyar ba ta da wuyar ganewa. A tara mutane da yawa, a raba su kashi biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya a ba su maganin. Ɗaya kashin a ba su ƙwayar sukari zalla, mai kama da maganin sak. Mai sha bai san wadda aka ba shi ba. Mai bayarwa ma bai sani ba, sai an gama. Sa'an nan a duba, su wa suka fi samun sauƙi?

An yi wa Arnika irin wannan gwaji a Ingila, aka buga sakamakon a shekarar 1998. An ɗauki masu gudun dogon zango su 519, gama babu wanda ya san tsamin jiki kamarsu. Aka ba waɗansu Arnika 30X, aka ba waɗansu ƙwayar da babu kome a ciki. Bayan tsere kowa ya riƙa rubuta yadda ya ke jin jikinsa. Da aka tara lissafi, sai aka ga waɗanda suka sha Arnika ba su fi sauran samun sauƙi ba.

A shekarar 2015 hukumar binciken lafiya ta ƙasar Ostireliya ta duba gwaje-gwajen da aka yi a kan homiyofati. Ta ce ba ta sami wata cuta ko guda da a ke da tabbatacciyar shaida cewa yana warkarwa ba. A shekarar 2017 kuma hukumar lafiya ta Ingila ta shawarci likitocinta su daina rubuta wa majiyyata shi.

TO, ME YA SA WAƊANSU KE YABONSA?

Ba maƙaryata ba ne masu yabon nan. Da gaske sun sha, da gaske kuma sun ji sauƙi. Ga yadda abin ya ke faruwa.

A ce mutum ya yi huɗa ran Asabar. Ran Lahadi jikinsa ya yi tsami. Ran Litinin abin ya kai maƙura, sai ya sayi ƙwaya ya sha. Ran Talata ya ji dama-dama. Ran Alhamis ya miƙe garau. Sai ya ce wannan ƙwaya ba ta da na biyu. Maƙwabcinsa kuwa, wanda suka yi huɗar tare, bai sha kome ba, shi ma ran Alhamis ya miƙe. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Mutum ya fi neman magani ran da ciwo ya fi tsanani, tsamin jiki kuwa daga ran nan ya ke fara sauka.

Haka maganar Rhus tox ta ke. An ce a sha shi in jiki ya ƙage amma yana saki bayan an motsa. Ai kowane tsamin jiki haka ya ke yi.

Akwai kuma aikin zuciya. In mutum ya amince da magani, hankalinsa ya kan kwanta, zafin da ya ke ji ya kan ɗan ragu. Wannan gaskiya ne. Amma kwanciyar hankali ba ta kashe ƙwayar cuta, ba ta kuma ɗinke rauni. A zamanin Hahnemann ma, waɗansu majiyyatansa sun fi na sauran likitoci tsira. Dalili kuwa, an bar su da jininsu, ba a ɗura musu guba ba, jiki ya sami damar gyara kansa.

Asarar da ke cikin sayen ƙwayar sukari iri biyu ce. Ta farko kuɗi, a lokacin da a ke neman na taki da na iri. Ta biyu ta fi muni, watau mutum ya zauna yana jiran aikin ƙwaya, alhali abin da ke damunsa na asibiti ne.

ABIN DA KE TAIMAKO

Rigakafi ya fi magani. In damina ta gabato, kada a jira sai ruwan shuka ya sauka, sa'an nan a afka wa gona da ƙarfin tsiya. A fara da ƙaramin aiki, yau kaɗan, gobe a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya dawo daga birni, ko ya tashi daga ciwo, kada ya ce sai ya kamo jere a wurin gayya tun ran farko.

In za a ɗaga buhu, a durƙusa da gwiwa, a jawo shi kusa da jiki, a tashi da ƙarfin ƙafa. In ya yi nauyi a kira wani ya kama. A riƙa canza aiki, kada a wuni a sunkuye wuri guda. A tafi gona da ruwan sha isasshe, a huta a inuwa in rana ta take.

In kuwa tsamin ya riga ya zo, abin da iyayenmu ke yi yana da amfani. A gasa jiki da ruwan ɗumi, amma ba mai ƙuna ba. A yi tausa a hankali da man kaɗanya. Tausa tana rage zafi, sai dai ban da murza da ƙarfi. Kada a kwanta wuni guda cur. A ɗan taka, a yi ƙaramin aiki, jiki zai saki. A ci abinci mai gina jiki, kamar wake, da gyaɗa, da nono, da ƙwai, da kifi. A sami barci sosai, gama a cikin hutu jiki ke gyara.

ƘWAYOYIN KASUWA

In zafin ya hana barci, babban mutum yana iya shan farasitamol. Ƙwayar da aka saba gani mai lamba 500 ce. A sha 1 ko 2. Kada a sake sha sai bayan awa 4 ko fiye. Kada a wuce ƙwaya 8 a dare da rana. In an wuce, yana lalata hanta.

Akwai kuma ibufurofen da dikulofenak. Su ma suna rage zafi, amma suna cin ciki, suna kuma wahalar da ƙoda. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki, kada su sha sai likita ya ce.

Mu guji haɗin ƙwayoyi da a ke ƙullawa a leda, babu suna babu lamba. Mu guji tiramadol, wadda a ke kira tiramol. Waɗansu na shan ta don su yi aiki ba gajiya. Gajiyar tana nan, ɓoye ta aka yi. Ƙwayar nan tana kama mutum har ya kasa aiki sai da ita, tana kuma sa jijjiga irin ta farfaɗiya.

CIWON DA BA TSAMIN JIKI BA NE

Wannan shi ne sashin da mu ke so kowa ya riƙe. Tsamin jiki ya kan sauka kullum. Ba ya zuwa da zazzaɓi. In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, a tafi asibiti ba tare da jinkiri ba.

1. Muƙamuƙi ya ƙage, baki ya ƙi buɗuwa, wuya da baya suka sandare. Wannan alamar tetanas ce, cutar da ke sarƙe haƙora. Ƙwayarta na zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi. Ta kan shiga ta saran fartanya, ko ƙaya, ko ƙusa, ta bayyana bayan kwana 3 zuwa 21. Tana kisa. Duk wanda ya ji rauni a gona ya wanke da ruwa da sabulu, ya je a duba ko yana bukatar allurar rigakafi.

2. Wuya ya sandare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, musamman a lokacin zafi. Yana iya zama sanƙarau. Ba a kwana da shi a gida.

3. Ciwon jiki tare da zazzaɓi da rawar ɗari. A je a gwada jini, ko zazzaɓin cizon sauro ne.

4. Fitsari ya yi duhu kamar baƙin shayi, ko ya ragu ƙwarai, bayan aiki mai tsanani cikin rana. Wannan alama ce tsoka ta ji rauni da yawa, ƙoda kuwa tana cikin haɗari.

5. Ciwo ya soki mutum farat ɗaya yana cikin aiki, wurin ya kumbura, ya kasa taka ƙafa ko ɗaga hannu.

6. Ciwon baya da ke sauka cikin ƙafa, ƙafar ta mutu, ko mutum ya kasa riƙe fitsari.

7. Kumburi a matsematsi bayan ɗaga kaya, wanda ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai.

8. Ƙirji ya yi nauyi, numfashi ya yi wuya, ciwon yana tafiya cikin hannu ko muƙamuƙi.

Haka nan mai sikila, in ciwon ƙashi ya taso masa bayan aiki, kada a ce gajiya ce. Ciwon jikin da ya wuce mako guda bai ragu ba, shi ma a kai shi a duba.

To, jama'a, in an miƙo muku kwalba, ku juya ta ku karanta abin da ke jikinta. In kun ga lamba da harafin C ko X, kun san yadda aka yi ta. Tsamin jiki baƙo ne na 'yan kwanaki, ruwan ɗumi da hutu sun ishe shi. Kuɗin nan a ajiye shi don ranar da za a bukaci mota zuwa asibiti. Ku gaya wa na gida, da waɗanda ba su sami zuwa yau ba. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Mu kwana lafiya.

TAMBAYOYI

1. Bayan awa nawa tsamin jiki ya ke farawa, kuma kwana nawa ya ke yi?
2. Me ya sa noman farko ya fi maimai cin jiki?
3. Mene ne ma'anar 30C a jikin kwalba?
4. Yaya likitoci ke gwada magani don su san yana aiki?
5. Ƙwayar farasitamol nawa ce bai kamata babban mutum ya wuce ba a dare da rana?
6. Faɗi alamu uku da ke nuna ciwon jiki ya zama na asibiti.